Zakara Mai Jan Wuya

Duk layin Yaya ake ce mata, har tsofaffin da suka isa haihuwarta. Ƙaninta ne ya ja mata. Shi kaɗai ke da haƙƙin wannan kira, amma da yake daga buɗe shago zuwa rufewa bakinsa ba ya hutawa da Yaya kaza, Yaya kaza, sai kowa ya ara bai mayar ba. Shagon gahawa gare ta, ɗan matsattse, tsakanin mai aski da wani kantin takalma. Kantar miƙa wa masu saye kaya guda ɗaya, injin gahawa mai yawan huci, da 'yan kujerun da ba kasafai ake zama a kansu ba. Masu sayenta mutanen sauri ne. A zuba musu, a danna murfi, su wuce wurin aiki suna kurɓa.

Abin da ya daɗe yana tsaya mata a rai shi ne farin kofin takardar da take zuba wa mutane a ciki. Ba suna, ba alama, irin wanda kowane mai shayi a gari yake da shi. Wani zai kurɓa ya ce da abokinsa wannan ta yi daɗi, abokin ya tambayi ta ina ce, shi kuma ya nuna bayansa da haɓa, shi ke nan magana ta mutu. Yaya kuwa ba macen da za ta sha wahala yabo ya bi iska ba ce.

Auta, wato ƙanin nata, shi ya zana mata tambari a bayan wani kwali. Kada sunan ya ruɗe ka, Auta ba yaro ba ne, gardi ne da gemunsa, shi ke tuƙa 'yar farar motar shago, ya ɗauko burodi da asuba, ya kai gahawa ofisoshi da hantsi. Baƙin zakara ya zana, ya miƙe wuya, da jan zanko a ka, sunan shago a ƙarƙashin ƙafafunsa. Hujjarsa ita ce sun riga kowa buɗewa a layin. Yaya ta juya kwalin, ta sake juyawa, ta rasa abin kushewa, sai ta ce ƙafar hagu ta cika tsawo. Daga bakinta wannan yabo ne, kuma ya sani.

Mai buga kofuna sau biyu yake bi ta kan kowace takarda, baƙi tukuna, sannan ja. A bugun farko injinsa ya zame. Da aka kawo kaya aka farke kwali, sai ga jan da ya kamata ya zauna a ka ya sauko ya kwanta a wuyan zakara, kai kuma fayau. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, an yanka mana shi tun bai yi cara ba."

Ita ba ta ga abin dariya ba. Ta ɗauki kofi ɗaya ta tafi har wurin mai bugun, ta wanke shi tas a gaban ma'aikatansa. Bawan Allah ya ba da haƙuri, ya sake bugawa daidai, ya ce ta riƙe ɓatattun tunda shi ba abin da zai yi da su. Aka jibge su a ɗakin baya, kwali kan kwali, Yaya ta kafa doka: yankakken zakara ba ya zuwa hannun mai saye. Ita da Auta ne kaɗai za su riƙa sha a ciki har su ƙare, ko da za su kai tsufa suna sha. Mai aski ya taɓa miƙa hannu zai ɗauki ɗaya ya gani, ta buge masa hannu, ta ce wannan na 'yan gida ne. Ya daɗe yana ba masu zuwa aski labarin.

Masu kyan kuwa suka shiga gari. Yaya takan tsaya bakin ƙofa ta ga zakaranta a hannun ma'aikatan banki, a tashar mota, a kan teburin mai gyaran waya. Ko a kwandon shara ta hango shi sai ta ji daɗi. Ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin cewa kofi ba ya zaɓen inda za a yar da shi ba.

Ranar da ɗan sandan ya zo, hantsi ya ɗaga, cunkoson safe ya lafa, Auta ya fita kai saƙo. Ba kaki a jikinsa, farar riga ce kawai. Mutum ne mai sanyin murya, mai kallon abu ya daɗe kafin ya yi magana. Ya nuna mata katinsa, sannan ya ajiye wata farar leda a kan kanta.

"Malama, wannan naku ne?"

Kofi ne a ciki, ya lotse ta gefe, ƙasa da busasshiyar gahawa sun ɓata masa jiki. Wanda bai sani ba zai ce jan da ke wuyan zakaran datti ne cikin datti. Amma Yaya ta san zakaranta ko a duhu. Kan nan babu zanko.

"Jiya da asuba mota ta kaɗe wani tsoho mai sharar titi, kusa da gidan burodin da ke bayan tasha," in ji ɗan sandan. "Mai motar bai tsaya ba. Tsohon yana asibiti, har yanzu bai farfaɗo ba. Wannan a gefensa muka tsinta. 'Yarsa ta ce shi ba mai sayen irin wannan ba ne. Ƙila na mai motar ne, ƙila na wani mai wucewa ne. Dole dai mu tambaya."

Yaya ta ɗauki tsumma ta goge kantar da ba ta da datti.

"Namu ne," ta ce. "Amma da za ka zo da safe ka ga mutane. Kowa ya karɓa ya kama gabansa, ina zan san inda ya yar?"

"Haka na yi zato." Ya ɗauki ledarsa. "In wani abu ya faɗo miki a rai, zan sake leƙowa."

Ya fita a hankali kamar yadda ya shigo. Sai a lokacin ta jawo kujera ta zauna. Gidan burodin bayan tasha can Auta ke zuwa kullum da asuba. Kafin ya fita shi ke kunna inji, ya zuba wa kansa ta farko a cikin yankakken zakara, ya danna murfi, ya tafi da ita mota. A duk faɗin garin nan mutum biyu ne ke sha a irin wannan kofi, ita kuma jiya da asuba tana nan tana jera kujeru.

Da ya dawo, ta ɗauki kwandon shara ta zagaya lungun baya inda yake ajiye motar. Ba sai ta nema ba. Gaban motar ta ɓangaren dama ya lotsa, gilashin fitila ya tsage. Ta tsaya da kwando a hannu har ya fito ya same ta.

"Me ya sami motar?"

"Ginshiƙin ƙofar gidan burodi na goga jiya," ya ce, yana kallon taya. "Ɗan kwarzane ne. Na so in gaya miki."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma da ma ta yi faɗa ya fi. Auta ya ɗaga kai ya dube ta, domin bai saba ɓarna ta wuce da "to" ba, sannan ya koma ciki.

Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta goya shi, ta kai shi makaranta, ta sha zagin maƙwabta a kansa. Ta san shi ciki da bai. Auta ba mugu ba ne, ko kyanwa ba ya iya kora da ƙarfi, amma ba ya tsayawa inda ya yi ɓarna. Yana ƙarami in ya fasa kwano sai a neme shi a rasa, sai dare ya yi a same shi bayan ƙofa ya yi tsit. Da ya girma ya taɓa ture babur ɗin wani a ajiye, ya ja mota ya gudu gida, ita ta je ta ba da haƙuri. Hali zanen dutse ne. Ga shi tun jiya ba ya cin abinci sosai, surutun nan nasa ya ɗauke, da yamma ma ya nemi ta bar shi ya je wani wuri, bai faɗi ina ba.

Tambaya ɗaya ce tsakaninta da sani, kuma ta ƙi yin ta. Ba ta ma gaya masa ɗan sanda ya zo ba. Tsoro take ji. In ta tambaya ya ce shi ne, to ta ɗauki kayan da ba ta da inda za ta sauke. In ba ta tambaya ba, ko gaban wa aka kai ta za ta iya rantsewa ba ta sani ba. Abin da ta sani kawai shi ne ba za ta zauna tana kallo a tafi mata da ƙani ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da farko ƙona su ta yi niyya. Ta shiga ɗakin baya ta dubi kwalayen, ta ga ba ƙaramin hayaƙi za su yi ba. Kuma mai bugu ya san da su, mai aski ya san da su. Ranar da aka tambaya ina suke, rashinsu zai fi kasancewarsu magana. Sai wata dabara ta zo mata, irin dabarar da kan zo wa mutum ya ɗauka shi kaɗai Allah ya ba wayo. Kofin nan yana nuna gidansu ne saboda 'yan gida kaɗai ke sha a ciki. To in kowa a gari yana sha a ciki fa?

Washegari ta kwashe kofuna masu kyau ta tura ƙarƙashin tebur a ɗakin baya, ta rufe su da tsohon labule. Ta jera yankakku a kan kanta. Mai saye na farko wata ma'aikaciyar jinya ce, ta karɓa ba ta ko duba ba. Yaya ta bi hannunta da ido har ta fita, ranta yana suya. Ita da ta buge hannun maƙwabcinta a kan kofi ɗaya, yau ita ce ke rabawa da murmushi.

Auta ya shigo da tiren burodi ya tsaya cak.

"Yaya, yau kuma yankakku?"

"Asara ce a bar su suna shan ƙura."

"Ke da kika ce ko za mu tsufa muna sha?"

"Na fasa. Ajiye burodin nan, ka kawo min makullin mota. Na yi magana da mai gyara, zai zo ya ɗauka."

"Ki bar ta mana, ba abin da ya hana ta tafiya."

"Motar shago ce, sunana ne a jiki. Ba za ta yi yawo a gari da lotsattsiyar fuska ba."

Wannan magana ta yi kama da Yayar da ya sani, don haka bai ja ba. Ya miƙa makulli, ya ari babur ɗin mai takalma. Mai gyara ya buge lotsawar, ya sa sabuwar fitila, ya fesa fenti. Ta roƙe shi ya yi da sauri, ya kuwa yi, har yana yaba kansa cewa ko wanda ya ƙera motar ba zai gane an taɓa ta ba.

Cikin 'yan kwanaki zakaru masu jan wuya suka cika unguwa. In ta fito da safe sai ta gan su a kwalbati, a gindin fitilun titi, a bakin tagar motar haya, kowanne da jan layi a maƙogwaro. Abin da take so ke nan, amma ganinsu bai kwantar mata da hankali ba. Wani yaro ya ja rigar uwarsa a cikin shagon ya ce, "Mama, kazar nan jini take yi." Uwar ta yi dariya, Yaya ta taya ta da ƙyar.

Kuma mutane suna gani, abin da ba ta sa a lissafi ba ke nan. Ita ta koya musu gani. Ta shafe watanni tana nuna wa kowa zakaranta, tana juya kofi tambari ya fuskanci mai saye kafin ta miƙa. Yanzu kowane tsohon mai saye sai ya tanka. Wannan ya ce zakara ya yi hatsari ne, wancan ya ce ko an canza mai zane. Ta ce masu kyau sun ƙare, ana jiran sababbi. Har mai buga kofuna ya kira ta a waya, ransa a ɓace.

"Na ga kayan nan a gari. Haba, ai ba mu yi haka da ke ba. Duk wanda ya tambayi wa ya buga, ni za a nuna. In masu kyan sun ƙare ki faɗa min mana, amma ni na san abin da na kawo miki bai isa ƙarewa ba."

Ta ce za ta kira shi, ta kashe wayar. Daga ranar duk motar da ta tsaya a tsallaken titi ta daɗe, sai ta yi ta leƙenta ta gilashin ƙofa. Duk mai farar riga da ya turo ƙofa, sai ta fara duba hannunsa ko da leda.

Auta kuwa yana ƙara shiga cikin kansa. Yana aikinsa, yana fita da yamma ya dawo ido ja. Wata rana tana wanke inji ya tsaya a bayanta ya ce, "Yaya." Ta ji yadda ya faɗa, ta san magana ce ke tafe. Sai ta ƙara buɗe famfo, ta ce ya je ya duba ko madara ta isa gobe. Ya ɗan tsaya, sannan ya tafi duba madara.

Mai aski ne ya kawo labarin, domin labari ba ya wuce ƙofarsa bai shigo ya zauna ba. Ya zo karɓar gahawarsa ta hantsi, almakashi a aljihun riga.

"Kin ji tsohon nan mai shara da mota ta kaɗe? Ya cika jiya. Allah ya ji ƙansa. Yanzu kam magana ta zama ta rai, ba za su bar ta ba."

Ta ce amin. Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba. Tana cikin danna masa murfi aka turo ƙofa, ga ɗan sandan nan mai sanyin murya, wannan karon da wani a bayansa mai kaki, wanda ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Malama, mun sake dawowa. A ba ni gahawa tukuna, ba sukari."

Yaya ta miƙa hannu ta zaro kofi daga jerin da ke kan kanta. Wannan lokacin ta yi wa shiri. Ta zuba, ta rufe, ta miƙa masa. Bari ya gani da idonsa cewa irin kofin nan kowa ma shi ake ba.

Ya karɓa ya kai baki, sai ya tsaya. Ya nisanta kofin da fuskarsa yana kallo. Mai aski, wanda shiru ke yi wa ciwo, ya ga wuri ya samu.

"Kai ma ka samu na 'yan gida, ranka ya daɗe," ya ce yana dariya. "Ai duniya ta canza. Da wannan ko taɓa shi ba ka isa ba. Ni nan an buge min hannu a kansa. Daga ita sai Auta ke sha a ciki."

Baki shi ke yanka wuya. Ɗan sandan bai dubi mai aski ba. Ya ajiye kofin, ya ciro wayarsa, ya nemo wani hoto, ya kwantar da ita kusa da kofin. Hoton wancan kofi ne na cikin leda, an share masa ƙasa. Zakaru biyu, kowanne kai fayau, wuya ja.

"Ni na ɗauka datti ne," ya ce, kamar da kansa yake magana. Sannan ya juya ga mai aski. "Tun yaushe aka fara ba kowa?"

Dariyar mai aski ta fara sanyi. Ya dubi Yaya, ya ga fuskarta, amma ya riga ya hau, ba wurin sauka.

"Bai daɗe ba. Makon nan da ya wuce ne, ina ji."

"Bayan zuwana na farko ke nan."

Inji ya yi hucinsa ya lafa.

"Masu kyau ne suka ƙare," in ji Yaya.

"In na leƙa ɗakin baya ba zan same su ba?"

Daidai nan aka ji tsayuwar mota a ƙofar shago. Auta bai zagaya lungu ba yau, ya tsaya a gaba don ya sauke jarkokin madara. Farar motar tana sheƙi a rana, ɓangaren dama ya fi ko'ina haske. Ya shigo da jarka a kowane hannu, ya yi sallama, ya ga mai kaki, ya ga yayarsa a tsaye kamar an dasa ta.

"Lafiya?"

"Kai ne Auta?" Ɗan sandan ya juya masa wayar. "Ka san wannan kofin? A gefen tsohon da aka kaɗe bayan tasha muka same shi."

Yaya ta so ta ce masa ya yi shiru. Kafin ta haɗa kalmar, ya ajiye jarkokin.

"Na san shi. Ni na ba Baba."

"Ka ba shi?"

"Kullum nake ba shi. Wurin gidan burodin an hana ajiye mota. In na shiga ɗaukar kaya nakan ɗan daɗe, akwai wadda muke gaisawa a ciki. Shi yake duba min motar, in ya hango masu kamu ya buga min ƙofa. Ni kuma in kawo masa gahawa." Ya saci kallon yayarsa. "Ban faɗa ba ne don Yaya ta hana kyautar gahawa. Ran nan ma na ba shi, na ɗauki burodi na fito, har na gogi ginshiƙin ƙofa yana min dariya. Na bar shi a tsaye da tsintsiyarsa yana sha. Sai da rana na ji abin da ya faru. Kullum da yamma ina asibiti, ku tambayi 'yarsa, ta san fuskata."

"Me ya hana ka zo wurinmu?"

"Me zan ce muku? Ban ga komai ba. Kuma ban san kofin yana hannunku ba."

Wani sanyi ya sauko wa Yaya tun daga ka, farin ciki ne zalla, har ta ji hawaye. Ba shi ba ne. Ta ji a muryarsa, muryar da ta sani tun bai iya haɗa kalma ba. Amma farin cikin bai kai ƙirji ba ya tsaya, domin ta ga ɗan sandan ya juya yana kallon motar ta gilashin ƙofa.

"Ka ce ka gogi ginshiƙi. Wa ya gani?"

"Baba kaɗai ne a waje."

"Ginshiƙin nan na gan shi, shuɗi ne, kuma ba motar da ba ta bar masa tabo ba. Amma in ka goge shi, shuɗin fentinsa yana jikin motarka. Masu bincikenmu suna dubawa za su bambance gugar siminti da bugun mutum. Zo ka nuna min wurin."

Auta ya juya zai fita, har ya ɗaga ƙafa, sai ya tsaya.

"An gyara," ya ce a hankali.

"Yaushe?"

Auta ya juyo. Kallo yake yi. Ya dubi motar da sabon fentinta, ya dubi jerin yankakkun zakaru a kan kanta, ya dubi wayar da ke kwance kusa da kofi. Yaya tana ganin lokacin da abubuwan suka haɗu a kansa, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta da ikon tsayar da ko ɗaya.

"Yaya, sun taɓa zuwa ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin ga kofin tun ranar?"

Ta sake gyaɗa kai.

"Shi ya sa kika fito da waɗannan. Shi ya sa kika kai motar." Bai ɗaga murya ba. "Kin ɗauka ni na kaɗe shi na gudu."

"Auta, tsoro na ji."

"Ko tambayata ba ki yi ba."

Mai kaki ya matso daga bakin ƙofa. Ɗan sandan ya miƙa hannu, Auta ya zaro makullin mota ya sa masa a tafi. Mai aski ya sulale ya fita, ya bar gahawarsa a kan kanta.

"Za ka biyo mu ofis ka yi bayani. Motar ma za a zo a ɗauka."

Yaya ta zagayo kanta da sauri har ta ture jarkar madara. Ta sha gaban ɗan sandan, ita da ba ta taɓa roƙon kowa a layin nan ba.

"Don Allah ka saurare ni. Ni na yi duk wannan. Ni na fito da kofunan, ni na kira mai gyara, shi har cewa ya yi a bar motar. Bai san komai ba. In kamu ne ni za ka kama."

"Na yarda ke kika yi, Malama, kuma ke ma za mu neme ki." Ya sa makullin a aljihu. "Ranar da na fara zuwa, kofi ne kawai a hannuna, irin wanda ake tsinta a kowane titi. Yau ina da mota da aka yi wa fenti cikin gaggawa, da mutumin da yake wurin a lokacin, shaidarsa ɗaya kuma ya rasu. Ki gaya min, in wadda ta raine shi ta yarda zai iya, ni da ban san shi ba me zan ce?"

Suka fita da shi a tsakiyarsu, ba wanda ya riƙe shi. Ta bi su har bakin titi tana kiran sunansa, masu shaguna suna leƙowa. Mai kaki ya buɗe ƙofar baya, Auta ya sunkuya ya shiga ya zauna, ya juya fuskarsa ɗaya gefen.